Ranar da Muka Kai Turame Ƙofar Ofis

Shekaranjiya jikata Samira ta sa aka fito da turmin Inna, mahaifiyata, daga ɗakin ajiya. Ta wanke shi, ta cika shi da ƙasa, ta dasa wani fure a ciki ta ajiye a bakin matakala. Da na tambaye ta dalili, sai ta amsa min da Larabci kamar yadda ta saba, wai ya yi kyau, wai irinsa ake yayi yanzu. Ban yi faɗa ba. Me za ta daka a ciki? Gari a leda yake zuwa, yaji a kwalba, wake kuwa inji ne ke markaɗa shi kafin ka gama salati. Na dai zauna a kujerata ina kallon turmin, ina ƙoƙarin tuna rabon da in ji ƙarar taɓarya a nan unguwar Ƙuba ta Madina, na kasa. Abin ya tafi a hankali, ba wanda ya yi masa sallama.

Sa'ad da muka iso garin nan ina budurwa, Ƙuba gonakin dabino ne zalla. Daga gidanmu zuwa Harami, masallacin Annabi, a ƙasa muke tafiya, a inuwa, ruwa na gudu a lambatu gefen hanya. Da asuba ladan ke tashin mu da muryarsa ta Allah, ba na'ura, sai kukan igiyar rijiya da jakai ke ja a lambuna, sai kuma daka daga gidajen Takari, wato mu mutanen yamma da muka zo hajji muka zauna. Idan ka saurara da kyau sai ka gane gidan da ke surfe da gidan da ke ribɗi. Aikinmu 'yan mata shi ne ɗebo ruwa a garwa, da tsintar ƙwallon dabino a kasuwa mu jiƙa mu dake wa awaki, da kai wa tsofaffi kunu a ƙofar masallaci. Muna tafe muna waƙa muna shewa, Inna na bayanmu tana cewa, “Ku rage murya, kun manta da wa kuke maƙwabtaka?” Sai mu yi shiru taku goma mu sake ɓarkewa. Yanzu inda lambun nan yake bene ne hawa shida, motoci ba sa yankewa, na'urar sanyaya ɗaki na gurnani daga safe har safe. Ba na raina ni'ima, gwiwoyina sun fi kowa sanin daɗin lif, na'urar hawa bene. Amma a da, idan maƙwabciya ba ta da lafiya, shirun turminta ne ke gaya mana, kafin hantsi an cika gidanta. Yanzu sai dai a gani a waya.

Turmin nan ya girmi zamanmu a Madina. A kan jaki ya baro ƙasar Katagum tun ina goye, ya yi shekaru da mu a gonakin auduga na Sudan, inda na tashi da Larabci a bakina, sannan ya sauka tare da mu a wani gari na bakin teku. Daga can ake hayewa Jidda. Sai muka tarar yaƙin Turawa ya rufe hanya, jirage ba sa ɗaukar alhazai. Muka yi bukka a unguwar Takari da ke bayan gari, muka shiga jira. Baba baduku ne, ya kafa rumfa yana ɗinka takalma da layu da jakunkuna. Inna tana dama kunu tana soya ƙosai, ni kuma, da shekaruna ba su wuce goma sha uku ba, ina kai su bakin ofishin gwamnati, inda masu neman takardar tafiya ke jeruwa a gindin katanga tun sanyin safiya.

A can na fara ganin su. Tsoho ne mai farin gemu da baƙar hula 'yar mitsitsiya a tsakar kai, da mace doguwa mai rama, da yarinya tsarata mai gashi ja kamar an shafa masa lalle. Farare ne, shi ne abin mamakin. Mu a saninmu Bature ta ƙofar gaba yake shiga, ɗan doka na sara masa. Waɗannan kuwa a ƙasa suke zaune tare da mu, rana ta ƙona musu wuya har yana saɓulewa. Kullum matar kan shiga da takardu a hannu, ta fito bayan ɗan lokaci, ta girgiza wa tsohon kai. Kalma ɗaya suka fara koya a Larabci, ita ce “bukra”, gobe, don ita akawu ke faɗa musu ba tare da ya ɗaga kai ba. Wata rana na ga yarinyar ta zuba wa ƙosai ido. Na miƙa mata guda uku a ganye. Ta ci na farko, yaji ya kama ta, ta yi ta tsalle tana fifita baki da hannu, hawaye na zuba, amma tana dariya tana miƙo hannu a ƙara mata. Na nuna ƙirjina na faɗi sunana. Ta nuna nata ta ce, “Hanna.”

Na ce, “Hannatu? Ke ce Hannatu?”

Ta nuna uwarta da wani suna da na ji kamar Rahila, ta nuna tsohon da wani da na ji kamar Yakubu. Na koma gida da gudu na ce, “Inna, akwai Turawa a bakin ofis, sunansu irin namu!”

Washegari Inna ta bi ni da kanta. Da hannu da ka da guntun Larabci ta gane cewa wani jirgin kaya ne ya sauke su saboda tsohon ya yi zazzaɓi, cewa masaukin da suke ya sallame su, kwana uku ke nan a rumfar masu kifi suke kwana. Inna ba ta shawarci kowa ba. Ta ɗauki ƙunshinsu ta ɗora min a ka, ta ce, “Wuce gaba.”

Kafin la'asar unguwa ta ɗauka. Wani dillali da ya san gari ya ce Yahudawa ne, kuma a can ƙasarsu ana farautar su ana kashewa. Maza suka taru a rumfar Baba, wasu na cewa a yi hankali, gwamnati ba ta son su, mu da muke jiran takarda kada mu ja wa kanmu. Wani ya ce ta yaya mai niyyar hajji zai haɗa tukunya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Baba bai daina ɗinki ba, mutum ne mai tsoron fitina, ni na san hankalinsa ya tashi. Sai limamin unguwa, wani tsoho Babarbare, ya ce, “Tun daga gida har nan, a garuruwa nawa kuka sha ruwa? Wa ya tambaye ku addininku kafin ya miƙo ƙwarya?” Inna daga bayan zana ta ɗaga murya ta ce, “Malam, ni dai na riga na zuba musu tuwo, sai a yi fatawar bayan sun ci.” Aka fashe da dariya, maganar ta mutu a nan.

Wata goma sha ɗaya suka yi da mu, kuma ban taɓa yin dariya a rayuwata kamar ta watannin nan ba. Ashe Yakubu ma mai ɗinkin takalma ne a garinsu. Ranar da ya warke ya leƙa rumfar Baba, ya ɗauki wani takalmi ya jujjuya, ya girgiza kai. Baba ya fizge abinsa. Yakubu ya karɓi basilla ya yi ɗinki biyar ya nuna masa. Baba ya duba ya yi tsaki, ya warware, ya yi nasa. Haka suka wuni, kowa na masifa da harshensa, ba mai jin wani, har aka kira magariba. Daga ranar ba su sake rabuwa ba. Yakubu ya koya wa Baba takalmi sau-ciki irin na ma'aikata, Baba ya koya masa rina fata ja da karan dafi. Ranar Juma'a Yakubu ke tsare rumfa Baba ya tafi masallaci. Ranar Asabar kuwa su ba sa aiki, ko wuta ba sa hurawa, sai ni in je in hura musu in ɗora shayi, Yakubu na zaune da tsabtatacciyar rigarsa yana karatu yana rangaji, sak almajirin da ke tilawa. Naman kasuwa ba sa ci, sai kifi, don haka Inna ta koyi miyar kuka da kifi, Rahila kuma ta koya mata wani burodi da ake kitsa shi kamar gashi. Da azumi ya zo, Rahila ta hana 'yarta cin komai a gabanmu.

Hannatu kuwa cikin wata uku ta kama Hausa, da zagin da komai. Ita ke bin ni talla tana kiran “A sayi ƙosai da zafi!” har masu dako na barin aiki su zo kallo, kafin hantsi mun sayar. Inna ta ɗaura mata zane, aka yi mata kitso, gashin na zamewa ana sakewa. Daka ne ya ba ta wuya. Ranar farko ta ɗaga taɓarya ta sauke a gefen turmi, gero ya watse, kaji suka yi biki. Ba ta haƙura ba, kullum sai ta karɓa, har hannunta ya yi kanta. Ranar da ta iya lugude, ta jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe, matan unguwa suka yi ta guɗa kamar an yi haihuwa.

A bakin famfo, muna wanki, ta ba ni labarin abin da ya koro su. Ta ce sojoji ne ke bi gida gida da sunaye a takarda, a kwashi mutane a zuba a taragon shanu, ba a sake jin su. Na ce, “Sun yi me?” Ta ce, “Ba su yi komai ba. An haife su ne kawai.” Takardar fita ta mutum uku suka samu, ita da uwarta da kakanta Yakubu, sai ubanta ya tsaya da yayanta Dauda, ya ce su yi gaba za su biyo baya. Daga nan jirgi ya yi ta yawo da su daga gaɓa zuwa gaɓa, kowace ƙasa ta leƙo ta ce ba wuri. Don haka takarda biyu Rahila ke nema a ofis. Ɗaya ta izinin shiga jirgin ƙasa zuwa babban birni, inda wani ɗan kasuwa cikin mutanensu ya rubuto cewa zai karɓe su. Ɗayar kuma ta izinin a kawo mijinta da ɗanta. Da na gaya wa Inna, sai ta ce in ƙara wa Rahila man shanu a tuwonta.

Wata safiya ɗan doka ya zo unguwa da sanarwa, wai duk baƙon da ya zo ta teku ba shi da takardar zama za a sa shi a jirgin ruwan da zai tashi jibi, duk inda ya kai shi. Rahila ta zauna a ƙasa. Baba ya ce a je a roƙi akawu. Inna ta ce, “An yi wata goma sha ɗaya ana roƙon sa.” Ta yafa mayafi ta shiga gida gida.

Washegari da hantsi mata wajen ashirin suka fito, kowacce da turmi a ka da taɓarya a hannu da ƙwaryar gero. Muka ratsa kasuwa a jere, mutane na tambaya ko biki ake. Muka sauke a ƙarƙashin tagar babban Baturen ofis, aka zuba gero, Inna ta ce bismilla. Wanda bai ji turmi ashirin na tashi lokaci ɗaya ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ƙasa na motsi, gilasan taga na kaɗawa, mata na waƙar daka suna amshi, Hannatu a tsakiya da jan gashinta tana lugude. 'Yan doka suka zo da kulake suka tsaya sororo. Ɗaya ya ce mu tashi. Wata tsohuwa ta ce masa, “Ɗana, a dokarku an hana daka ne? Mu nan muke wuni jiran takarda, yara kuma sai sun ci.” Ya koma gefe, har na ga ƙafarsa na bin kiɗan.

Ba a jima ba masinja ya fito ya ce ana son mutum ɗaya mai jin Larabci. Inna ta tura ni. Na shiga, garin gero har gira. Ɗakin na da sanyi, fanka na juyawa a sama. Baturen na zaune da alƙalami, akawu na tsaye yana fassara. Ya ce me muke so. Na ce takardar Rahila. Ya ce wace ce Rahila? Aka shiga nema. Akawu ya ɗaga tarin takardu, ya ɗaga wani, can ƙasa ya zaro tasu, da zoben kofin shayi a bayanta. Wasiƙar ɗan kasuwan na ciki, ko buɗe ta ba a yi ba. Baturen ya karanta, ya ɗaga kafaɗa, ya sa hannu, ya buga hatimi. Wallahi bai kai lokacin da mutum zai sha moɗa ɗaya ta ruwa ba. Ba mugu ba ne a fuska, har murmushi ya yi min. Abin da ya tsaya min a rai ke nan har yau. Na shiga ina zaton zan ga mutumin da ya tsane su, sai na tarar da wanda bai ma san suna bakin ƙofarsa ba.

Na yi ƙarfin hali na ce, “Saura ta mijinta da ɗanta.”

Ya ce wannan ba aikin ofishinsa ba ne, a rubuta wa na sama. Na ce an rubuta sau da yawa. Ya duba agogo. Ya ce da akawu ya tambaye ni, mu da ba mu da takardar kanmu, me ya dame mu da ta wasu? Na ce, “A gidanmu suke.” Ya ce to a gaya wa matan su bar masa taga.

Da na fito na ɗaga takardar sama, guɗa ta tashi har tsuntsayen teku suka watse. Rahila ta rungume Inna, su biyu suna kuka suna dariya, Yakubu ya kama hannun Baba yana juyi da shi a tsakiyar titi, Baba na cewa, “Kai, sake ni, ni dattijo ne!” Garin da aka daka ranar, da shi aka yi fura aka raba wa duk wanda ke gindin katanga, har 'yan dokan suka sha.

Bayan kwana huɗu muka raka su tasha. Rahila ba ta daina waiwayen teku ba, ta nan take sa ran mutanenta. Takarda ta biyu ba ta taɓa fitowa ba. Bayan yaƙi, da labarin abin da aka yi a can ya iso har nan, Baba ya ce min kada in sa rai game da Dauda da ubansa, na kuwa yi kwanaki ba na cin abinci. Amma a tasha ranar ba mu san wannan ba. Hannatu ta leƙo ta taga, jirgi na tafiya, tana ihu da Hausa, “Ki gaya wa Inna yajin ya yi kaɗan!” Don Inna ta ƙulla mata ƙosai a tsumma. Muryarta ta ƙarshe da na ji ke nan. A shekara mai zuwa hanya ta buɗe, muka haye.

Na yi aure a nan Madina, na haifi tara. Ta farin mace ce, kuma da maigidana, Allah ya jiƙansa, ya tambaye ni ko ina da suna a raina, na ce Hannatu, na gaya masa dalili. Ya ce suna ne mai kyau, sunan mahaifiyar Nana Maryamu ne, ba wanda zai tambaya. Ba wanda ya tambaya kuwa. Yanzu ita ma tsohuwa ce da jikokinta a unguwar Aziziyya, tana tafiya da sanda. Jiya ta zo gaishe ni ta tarar ina ba yara wannan labari, ta zauna a bakin gado ta ji shi har ƙarshe, karo na farko.

Ta ce, “Inna, shekara saba'in ina amsa sunan nan, ashe takwarata Bayahudiya ce, ba ki taɓa faɗa min ba?”

Na ce, “Ba ki taɓa tambaya ba.”

Ta ce, “Tana raye kuwa?”

Na ce, “Allah ne masani. In tana raye ta kai ni tsufa, haƙora babu.”

Ta juya carbi. Can ta ce, “To wace iri ce? Na yi kama da ita?”

Na dube ta, baƙa wuluk kamar ubanta, ga ƙiba, ga furfura. Dariya ta kama ni har da tari, yara suka ruga ɗebo ruwa. Ita ma ta kama, tana riƙe ciki tana share hawaye da gefen mayafi, sandarta ta faɗi ƙasa.

Da na samu numfashi na ce, “Yanzu kam kin yi.”